Kirinjijiya Ba Ta Amsa Gaisuwa

A Holan na koyi ɗaukar hoton tsuntsaye. Can ko ka wuni kwance cikin taɓo ba mai ce maka sannu. A Sudan ma yara kawai ke leƙa ka su wuce. Da na dawo gida da furfura da kyamara mai dogon baki, na zaci haka zan samu a wata fadama tsakanin Bodinga da Shagari, inda kirinjijiya, agwagwar daji, ta yi ƙyanƙyasa a ƙarshen damina.

'Ya'yanta nake so in ɗauka tun suna cikin gashin ƙuruciya, wanda ba ya daɗewa.

Matsalar ita ce ni dattijo ne. Ina tsugune cikin ciyawa, uwar ta fara fito da su, sai na ji daga bayana, "Ranka shi daɗe, an kwal lahiya?" Manomin da ke rainon albasa a gefen ne, har ya cire takalmi ya durƙusa. Na ɗaga hannu ya yi shiru, shi kuwa ya kama hannun da hannu biyu. Kafin mu gama ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, agwagi sun ɓace.

Washegari ya zo da ƙanensa da kujera. "Alhaji, mutum kamarka cikin laka? In nama kaka so, ai sai in kamo maka ita."

Na yi bayani da Hausa cewa hoto nake ɗauka, shiru nake buƙata, na ƙara da Fulatanci saboda wani makiyayi da shi ma ya tsaya gaisuwa. Duk suka ce gaskiya ne, da ƙarfi.

Sai na tuna mutum ɗaya ne ba a katsewa a ƙasarmu: mai wuridi. Na tafi da buzu da carbi, na zauna bakin ruwa. Wuridin da gaske na yi, don ban kai ga yi wa Allah dabara ba, amma kyamarar na kan cinyata. Masu gaisuwa suka iso, suka tsaya cak, suka zauna bayana. Ko tari babu.

Kirinjijiya ta fito, 'ya'yan na biye da ita, kowanne bai fi ƙwallon goruba ba. Na danna da hannu ɗaya. Hoton ya karkace, kan uwar ya yanke, amma 'ya'yan sun fito tas.

Ina shafa addu'a mai albasa ya matso. "Malam, a saka mu ciki. Tsutsa ta ishe mu bana."