Dabinon da na sa a kwanon Salim

Jama'a, wallahi wannan ba a littafi na karanta ba, ni abin ya faru da ni, a Madina, shekarun da nake aiki a wani kantin magani a Aziziyya, tun wayar hannu ba ta yawaita ba.

Abokin aikina Salim ne, mutumin Bombay, dattijo mai yawan shiru. Ni kuwa lokacin littattafan soyayya sun gama da kaina, kullum sai na dame shi ya ba ni labarin garinsu: jirgin ƙasan da mutane ke lilo a ƙofarsa, daminar da ke mai da titi kogi, da wasu masu fararen huluna da ke karɓar abincin rana daga hannun matan aure a kwano mai hawa-hawa, su kai wa mazajensu wurin aiki, su dawo da shi wayam. Ya ce kwano in ya koma wayam, mace ta san mijinta lafiya lau yake.

To, kullum muka dawo daga azahar sai mu tarar da irin kwanon nan a ƙofar baya, da zafinsa, bayansa sharkaf da ruwan sama, a garin da ko gajimare babu. Na tambaye shi wa ke aikowa, ya ce, "Nasrin." Na ce, "Kai Salim bhai, ashe kai ma gwani ne!" Bhai a yarensu ɗan'uwa ke nan. Ya yi murmushi kawai. Daga baya wani ɗan garinsu ya gaya mini Nasrin matarsa ce, ta rasu tun kafin ya zo Saudiyya. Ku ji wauta, maimakon in ji tsoro, sai na ji abin ya burge ni.

Rannan aka tura shi Yanbu. Ya ce, "Ya akhi, in kwanon ya zo ka ci, ka mayar inda ka ɗauka." Na ci, shinkafa ce da miyar da ban taɓa jin irinta ba. To ni Bakano ne, a gidanmu ba a mayar wa mutum kwanonsa haka nan, abin kunya ne. Na wanke shi, na cika shi da dabinon Madina mai kyau, na mayar ƙofar baya, ina jin na yi bajinta.

Washegari Salim ya dawo, azahar ta yi, ba kwano. Salim ya tsaya a rana har la'asar, sannan ya ce, "Me ka yi?" Na gaya masa. Ya dafa bango.

"Bhai, a wurinmu kwano in ya koma cike, mai shi ba ya nan ke nan. Ka ga ke nan ka riga ka gaya mata na tafi."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Kullum azahar sai ya fita ya duba, ya dawo yana cewa khalas, wato shi ke nan, har ya rame, ya tattara ya koma Bombay. Ranar da na raka shi na dawo, sai na tarar da ƙwallayen dabino a ƙofar baya, an jera su tsaf, jiƙe da ruwa. La ilaha illallahu!

Har yau in na ji ƙamshin ruwan sama da tsakar rana, jikina mutuwa yake. Don Allah, in an ba ku amanar al'adar wani, ku tsaya inda aka ce, kada ku ƙara kirkinku a kai.