Ɗorawar Iya da Ranar Farautar Dila

Ranar wata Asabar ce cikin rani, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na tsinci kaina a cikin ruwan dam har ƙirji, ƙwaryar fura a kaina, hannuna ɗaya riƙe da bakin zanen kakata. Rana ta ɗan fito ke nan, ruwan kuwa sanyi kamar zai tsinke mini ƙafafu. A bayanmu, can cikin gari, ana ta kaɗa gangi, karnuka suna haushi, mafarauta suna taruwa a ƙofar gidan Sarkin Baka. Ranar farautar dila ce, kuma an yi shela cewa kada a ga ko akuya a kan tsibiri, balle mutum. Mu kuwa can muka nufa. Iya Kande, da tabarma a naɗe a kanta, ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. Abin da kawai ta ce mini shi ne, "Taka inda na taka, ƙawata. Hanyar gidanmu ce, ruwa ne ya hau kanta."

Tsibirin nan da can ba tsibiri ba ne. Tudu ne a bayan tsohon ƙauyenmu, tsakanin Karaye da Rogo, inda mata suke zuwa itace. Ina goye aka tare ruwa aka tashe mu zuwa sabon matsuguni, don haka ban san tsohon gari ba sai a bakin Iya. Gidanta da rijiyarta da gonar gyaɗarta duk ruwa ya shanye, har da maƙabartar da aka binne mijinta. Abin da ya rage a sama shi ne kan tudun, da duwatsunsa, da gambar da ta fi mutum tsawo, sai kuma itatuwan ɗorawa da ta gada daga mahaifinta. An raba wa maza gonaki a sabon wuri, amma ba wanda ya iya mayar wa tsohuwa itacen da ya girmi 'ya'yanta. Da waɗannan itatuwa take ci, da su take sutura, saboda su ne kuma ba ta taɓa zaman jiran ɗa ko suruka su miƙo mata ba.

Ni ce 'yar ɗakinta, a hannunta na tashi, kuma shekarata tana juyawa ne da ɗorawa. Idan ta yi jajayen furannin nan masu lilo kamar ƙwallo, mu yara mukan tsotse zaƙinsu muna gudun zuma. Idan 'ya'yan suka nuna, sai mu kwana biyu muna kaɗowa da doguwar ƙugiya, mu ɗauro dammai mu kawo gida. Mu ɓare, mu daka, mu tankaɗe garin nan rawaya da nake dambara har bakina ya koma kamar na ɗan tsako. Ɓawon a ajiye don makuba, a yi daɓen ɗaki da shi. Kalwar kuwa, wato ƙwayar ciki, ita ce aikin gaske: a wuni ana dafa ta, a surfa, a kai bakin ruwa a wanke har hannu ya yi fari, a sake dafawa, sannan a rufe a kwando da ganye sai ta yi. Ranar da aka buɗe kwandon, duk unguwa ta san Iya ta yi daddawa, ba sai an yi talla ba. A makaranta akan ce ina warinta, ni kuwa nakan ce duk mai miya mai daɗi a gidansu ya san inda warin ya fito.

Sai dai ba itatuwan Iya kaɗai ne suka tsira a kan tudun ba. Lokacin da ruwa yake hawa, dilolin dajin duk can suka tattara, suka sami kogunan dutse suka yi ta haihuwa. Da damina ruwa yakan tsare su. Da rani kuwa, in ya ja baya, sai su bi tsohuwar hanya su ƙetaro, su ɗauke kaza, su ɗauke ɗan akuya, wani lokaci da rana tsaka. Kada wani ya zaci mun so su. Iya ma sun gama da zabbinta. A da kowa da karensa yake shiga farautarsu, har wata shekara mafarautan ƙauyuka biyu suka yi karo a can aka fasa kawuna. Daga nan ne dagaci da malamin daji suka zauna da Sarkin Baka suka kafa doka. Farauta rana ɗaya tak a shekara, daga hantsi zuwa kiran la'asar, in ta wuce kuma ta wuce sai baɗi. Ba a taɓa macen dilar da take shayarwa. Wuta kuwa, wadda ita ce take fito da dila daga cikin gamba, ba a cinna ta muddin akwai ɗan Adam a kan tsibirin.

Matsalar ita ce, lokacin da ruwa yake janyewa har maza da karnuka su iya takawa, shi ne daidai lokacin da ɗorawa take fure. Shekarar da ta gabata wutar farauta ta babbake furen ƙurmus, Iya ba ta sami kalwar da za ta cika ƙwarya ba, kuma ɓarin itace ɗaya ya bushe bai sake toho ba. Ta san in aka maimaita, itatuwan ba za su kai labari ba. Ta bi hanya yadda ya kamata. Ta je wajen Sarkin Baka, Baba Tanko, wanda ƙanen marigayi mijinta ne, shi kuwa ya mayar da abin wasan ƙanen miji, ya ce wuta ɗaya ba ta kashe itace. Ta je ƙofar dagaci ta durƙusa, aka ce ta yi haƙuri, dabbobin jama'a ne suke ƙarewa. Ta dawo gida tana huci, ta ce, "Sun ba ni haƙuri har na rasa mazubi." Ba ta sake ta da maganar da kowa ba, sai da asubahin ranar ta tashe ni ta ce in ɗauko ƙwarya.

Da hantsi mafarauta suka iso, wandunansu a naɗe, kulake da bindigogin toka a sama da kai, karnuka suna iyo a gefensu. Suka tarar da mu a kan tabarma a gindin babbar ɗorawa, Iya tana dama fura kamar a tsakar gidanta. Ta yi musu sannu da zuwa, ta tambayi Baba Tanko kwanan iyali ɗaya bayan ɗaya, shi kuma dole ya amsa har ƙarshe, yana haɗiye fushi. Sai da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Matar yaya, ba ki ji shela ba ne?" Iya ta ce, "Na ji, Tanko, kunnena ƙalau. Dokar ma na ji ta. Ku shiga ku kashe su, Allah ya ba da sa'a. Amma wuta kam, sai dai ku haɗa da ni."

Aka aika a kira mahaifina. Har yau ina ganin fuskarsa lokacin da ya fito daga ruwa, rigarsa tana ɗiga, kunya ta gama rufe shi a gaban tsaransa. Ya tsuguna a gabanta ya ce, "Iya, don girman Allah ki rufa mini asiri, ki tashi mu tafi." Ta miƙa masa ludayi ta ce ya sha fura. A nan ne na ji wasu samari a bayana suna ƙus-ƙus cewa tsohuwar ai ba nauyi gare ta ba, a kama bakin tabarmar kawai a ɗauke ta ciɗak a kai ta ƙetare. Na dubi Iya, na ga ƙashin wuyanta da siraran hannayenta, na san za su iya. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗaure zanena tamau, na kama kututturen, na haye har inda reshe ya fara lanƙwasa, inda babu ƙaton da zai biyo ni bai karye da shi ba.

Mahaifina ya ɗaga kai ya daka mini tsawa, "Hanne! Sauko nan!" Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na ji bakina yana cewa, "Ba zan sauko ba, Baba." Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Tururuwa suna cizona, zuma tana shawagi a kunnena. Amma wani daɗi ya cika mini ƙirji irin wanda ban taɓa ji ba. Iya ba ita ta sa ni ba, ba ta kuma hana ni ba. Ta ɗaga ido ta dube ni ta ce, "Ki riƙe da kyau," sannan ta ci gaba da damunta.

Haka suka shiga farautar babu wuta. Daga sama ina ganin komai. Ina ganin gamba tana motsi inda dila yake sulalewa, karnuka su bi ta gabas shi ya ɓulle ta yamma ya faɗa kogon dutse. Maza suka yi ta gumi, ƙaya tana yaga su, ana ta harbin iska. Da rana ta karkata, wani saurayi da haushi ya ci ƙarfinsa ya tuge ciyawa ya ƙyasta ashana. Kafin ta kama, Baba Tanko ya buge hannunsa da gora ya tattake wutar da ƙafarsa, ya ce, "Ni na ɗauki alkawari a gaban dagaci, ba kai ba." Na daɗe ina ganin girmansa saboda wannan, duk da a ranar da zai samu dama da ya cinye mu ɗanye. Ba a jima ba kiran sallar la'asar ya ƙetaro ta kan ruwa. Abin da suka samu duka tsohon dila ne guda, mai ɗingishi. Suka juya ba sallama, ni kuma na sauko cinyoyina duk sun kwaile. Mahaifina ya naɗe tabarmar Iya ya ɗauka, bai dake ni ba, amma sai da aka yi makonni kafin ya sake kiran sunana.

Mun kuwa ji a jikinmu, ba mu kaɗai ba. Ranin nan diloli suka yi ɓarnar da ba a taɓa gani ba. Maƙwabtanmu makiyaya suka yi asarar 'yan tumaki, uwarsu ta zo har ƙofar ɗakin Iya ta faɗi abin da ke ranta, Iya kuma ta saurare ta har ƙarshe, domin matar tana da gaskiyarta. A makaranta aka raɗa mini suna jikar dila. In an fito tara sai yara maza su bi ni suna kuka irin nasa, 'yan mata kuma suka daina sa ni a carafke. Sannan wata safiya na tarar da ragowar ɗan akuyana a bayan danga, wanda uwarsa ta mutu na raine shi da kunu a hannuna. Na yi kuka har muryata ta dishe. Gwaggona ta tsaya a kaina ta ce ko yanzu na ga abin da taurin kaina ya jawo. Na ce na gani. Ta ce to, gobe ma zan hau? Na share majina na ce zan hau, na kuwa sha mari.

Shekarar nan ɗorawa ta yi 'ya'ya har rassanta suna taɓo gamba. Matan da suka daina gaishe da Iya a bakin rijiya suka riƙa turo yara ta bayan gida neman daddawa, wai kada a faɗa. Da wata shekara ta zagayo, aka yi shela cewa an dawo da ranar farauta baya, da an gama girbi, kafin ɗorawa ta yi fure; masunta su ƙetarar da mafarauta a kwalekwale, kuma sai an share gindin kowane itace kafin a sa wuta. Baba Tanko ya yi ta faɗa a majalisa cewa dabararsa ce. Da na kawo wa Iya ƙara, sai ta ce, "Bar shi, in bai ce shi ya yi ba, tuwo ba zai wuce masa ba."

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, Baba Tanko ma ya bi ta. Bara na je gida na sa aka ƙetarar da ni. Babu gamba, babu dila ko ɗaya, ba kuma farauta ce ta ƙarar da su ba, dajin ne ya ƙare. Inda itatuwan suke sai kututture da baƙin ramin gawayi. An ce wasu ne suka zo da injin yanka suka gama da su a wuni guda, ba a yi shela ba, ba su nemi izinin kowa ba, babu kuma wanda ya fito. Na koma gari ina masifa, mutane suna dubana kamar na zautu, wani ya ce, "Hajiya, ai itace ne." Ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. A da gari guda ya yi fushi da tsohuwa da jikarta, amma aka rasa mai karya doka a kansu, aka bar su suka ci. Yau ba mai korarka daga tsibirin, domin ba wanda ya damu da abin da ke kansa. Waccan rigimar nake kewa.