Dorinar Bakin Bariki

Ko na kai shekara ɗari, ranar da dorina ta kusa raba ni da maiɗakina ba ta fita raina.

Zamanin Turawa ne, ina gadin barikin baƙi na Goronyo, ginin ƙasa mai rufin ciyawa bisa tudu, yana kallon gulbin Rima. Wani Bature ya sauka kwana biyu. Da ya hangi dorina da ɗiyarta cikin ruwa sai ya ɗauko bindiga. Sarkin ruwa, dattijon masuntanmu, ya roƙe shi: “Ranka shi daɗe, mai ɗiya ba a taɓa ta.” Ni kau na yi shiru, don tsoron rasa aikina. Baturen ya harbe ɗiyar, ya ji wa uwar ciwo ga kunne. Washegari ya hau doki ya nufi Wurno.

Da hantsi maiɗakina ta kwashi zannuwan gadon da ya kwana kansu ta sauka gulbi, da cikinta wata bakwai. Har yau ina tuhumar kaina da ban hana ta ba. Ina shara sai na ji wani gurnani daga gulbi. Na leƙa. Tana tsugune cikin kwalekwalen da anka ɗaure bakin gaɓa tana ɗauraya, dorina kuma ta ɓullo gabanta, tazarar taki huɗu, kunne na jini, baki buɗe.

Na ruga da tsintsiya a hannu. Sarkin ruwa ya cafke ni.

“Mi za ka yi mata da tsintsiya? Tsaya nan!” Ya juya ga matata, murya ƙasa-ƙasa: “Ɗiyata, kwanta cikin jirgin. Kada ki tashi, kada ki yi kuwwa.”

Ta kwanta. Dorina ta kafa haƙora ga goshin kwalekwalen, itace ya dare, ruwa ya fara shiga. Can sai masunta sunka taru nesa da mu, sunka dinga bugun jiragensu da sanduna suna ihu. Dabbar ta saki, ta juya wajen ƙarar. Nan take munka ja igiya, ni da dattijon, har jirgin ya hau yashi. Na ɗauko ta jiƙe sharkaf, ta damƙe zanen Bature guda, sai da na ɓamɓare yatsunta.

Allah Ya sa ta haihu lafiya. Amma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake taka bakin gulbi ba, ni ke ɗebo mata ruwa.

Ranar na gane baƙo kan yi ɓarna ya hau dokinsa, masu gida su kwana da ita. Tun daga nan, duk girman wanda ya sauka gare ni, in ya tasam ma abin da zai cuce mu, sai na buɗe baki na faɗa mishi.