Tsagar Gulbi

Ka san warin nan da bango ke yi in ruwa ya kwana biyu a jikinai sannan ya janye? Ba warin laka ba ne, ba kuma ƙarnin kifi ba, wani abu ne tsakani, mai sanyi, mai kama maƙoshi. Duk wanda ya tashi bakin gulbi ya san shi. To ni a Jamus wanga wari ya tare ni, cikin wani lungu, ina ƙudundune a rigar sanyi ta aro, kuma tun ranar ban samu natsuwa ba. Bari in faro maka daga gida, in ba haka ba ba za ka gane abin da ya kai ɗan sola ga tsayuwa gaban bangon mutane ba.

Ƙauyenmu yana nan ƙasar Bagudo, tsakanin hanyar Illo da gulbi. In ka hau tudun bayan gari da hantsi kana hango rufin kwanon mutanen Benin yana ƙyalli. Ruwa sau biyu yake zo muna a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, mai gaggawa, shi ke shiga gidaje. Akwai baƙin ruwa na lokacin ɗari, wanda ke tahowa daga nesa a natse, garau da shi, ya kawo kifi. Muna yara ba mu san wata da suna ba, da ruwan nan biyu muke sanin inda shekara ta kai.

A ƙofar gidanmu akwai rumfar kakana, wanda muke kira Baba Tsoho. Nan yake zama yana ɗinkin taru. Dirkar da ta riƙe rumfar ta gabas itacen kirya ce, baƙa wuluk, gara ta gwada ta ta haƙura. Jikinta duk tsage-tsage ne, tun daga wajen idon sawu har sama. Duk shekarar da ruwa ya shigo gida, sai Baba Tsoho ya jira. Ba ya yanka ranar da ruwa ya zo. Sai ya ga kumfa da ɓawon shinkafa sun kwanta wuri guda kwana biyu ba su ƙara hawa ba, sannan ya naɗe wando ya shiga, ya fiddo 'yar wuƙarsa ta yanke zare, ya tsaga dirka daidai bakin ruwan. Tsagar gulbi yake ce ma abin. Wai yadda ake duban fuskar mutum a san gidansu, haka ake duban dirka a san halin ruwa.

Kowace tsaga da sunanta. Akwai shekarar da akuya ta kwana kan rumbu. Akwai shekarar da anka yi sallar idi cikin jirage. Akwai shekarar tukwane, da tukwanen matan gari sunka bi ruwa har anka tsinci wasu wajen Illo. In zai gaya mani sai ya kama ɗan yatsana ya sa cikin ramin, yatsan nan nai mai kaushi kamar bayan kada bisa nawa, ya ce in maimaita. Ni kuwa hankalina yana ga yaran da ke wanka.

"Kai abokina, kanka kamar ƙwaryar da ta fashe," in ji shi. "Ana zubawa tana zubarwa."

Kakata, Iya, tana daga cikin gida sai ta amsa: "Bar mani mijina. Kai da naka kan mi kat tara ban da itace?"

Amma na ga amfanin itacen da idona. Duk wanda zai yi gini a unguwarmu, ko ɗaki ko rumbu, sai ya zo rumfa da kara a hannu. Baba Tsoho ya jingina karan da dirka, ya karye shi daidai tsagar da ta fi kowace tsawo, ya miƙa mai. Iyakar karan nan, iyakar tudun da za a tayar kafin a aza bango. Har daga Kurgu na ga wani ya zo, ko da yake shi Baba Tsoho ya ce mai ƙasarsu daban, kada ya dogara da karan wani gari.

Ya rasu ina aji uku na sakandare, lokacin girbin shinkafa. Babanmu ya riga shi da daɗewa. Sai gidan ya rage ni da Inna, mahaifiyata, da Iya, da Bappa ƙanen babana da iyalinai.

Daga nan ne sola ta shiga kaina. Wallahi ba wanda ya koya mani. Wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi na samu, in hau tudu inda sabis ɗin Benin ke kamawa, in yi ta kallon yadda ake haɗa fanel, wato faifan sola, da batir, in dawo in gwada. Na ƙona abubuwa, na ƙona yatsa, amma ranar da ƙwan lantarki ya kama a ɗakin Iya, har maƙwabta sunka shigo kallo. Sai na ce shago zan buɗe na cajin waya. Wuri kuma babu wanda ya fi ƙofar gida, inda rumfa take, ta riga ta fara zubewa, kaji kawai ke shan inuwarta.

Mun kwana biyu muna haƙa kafin dirkar ta fito. Iya ta leƙo ta gan ta kwance a ƙasa.

"Wagga fa, ina za ta?"

"Iya, itace ne. Zamani ya wuce nan. Yanzu waya ke faɗin ruwa."

Ta dube ni, ta dubi dirkar. "To, maigida. Gidanka na."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ba matan da ke bandar kifi bayan gidanmu ita, sunka sa ta wuta. Kwana uku tana ci, don kirya ba ta gaggawa, har ɗayarsu ta aiko mani da kifi biyu na godiya, na ci da yaji. Na zuba jar ƙasa a wurin, na yi ciko, na malala siminti, na aza shago. Ban auna komai ba. Ina ta murna.

Bara farin ruwa ya zo da ƙarfi, ya ci ɗakin Inna. Da rana tsaka bangon ya zauna, Allah ya sa tana waje tana kwashe tukwane. Tun daga nan a ɗakin Iya take raɓe, ita da kayanta cikin buhuna. Na yi mata alkawarin ɗakin bulo kafin wata damina, wanda ruwa ba zai shiga ba. Riƙe wanga alkawari a ranka, don shi ne duk maganar.

Ana cikin haka wata ƙungiya mai kafa famfon sola a fadamu ta ga aikina, ta sa ni cikin waɗanda za a kai Jamus koyo na 'yan makonni. Ni da ko Birnin Kebbi sau uku na taɓa zuwa. Ba zan cika ka da labarin jirgi da sanyi ba, ko da yake ina da shi buhu-buhu. Lahadi guda nake son ka ji.

An ɗauke mu a jirgin ƙasa zuwa wani ɗan gari tsoho a bakin kogi. Kai, garin nan. Titunan duk da duwatsu anka jera su ɗaya-ɗaya, sun sha tafiya har sun yi santsi. Gidajen farare ne da baƙaƙen katakai a gicciye cikin bango, wasu sun karkata sun kusa haɗa goshi da na tsallaken lungu, amma mutane na ciki, da furanni a taga. Rufi ja, gada ta dutse, ƙararrawar coci tana bugawa tana amsawa cikin ƙirjinka. Shaguna duk a rufe, wai ranar hutu ce. Na ɗauki hoto har waya ta ce ta cika. Ina ta lissafin inda zan aza fanel in da ni ke da rufin nan.

Wata tsohuwa ce ke zagayawa da mu, gajera, da lema a hannu, tana Turanci a hankali don mu gane. Ta gangara da mu wani lungu da ke fita bakin kogi. Nan warin ya buge ni. Kafin in gama mamaki ta tsaya a kusurwar wani gida, ta nuna da bakin lema.

Tsage-tsage ne a jikin dutse. Layi bisa layi, kowane da shekararsa a sassaƙe a gefe. Na ƙasa wajen gwiwata, na sama ko na miƙa hannu ban kai ba. Ta ce nan kogi ya kai a wagga shekara, nan ya kai a waccan. Wasu tun kakannin kakanninta. Ta ce da anka gyara gidan, sai da anka sa ma kowane dutse lamba, anka sauke, anka mayar da shi mazauninsa. Ta ce ana kawo 'yan makaranta su tsaya su gwada tsawonsu. Ban san lokacin da na sa yatsa cikin ramin guda ba. Faɗinsa daidai da na gida.

Ta lura da ni, ta yi murmushi. Ta ce an gaya mata garinmu ma bakin babban kogi yake. Ku ma kuna yin irin wanga?

Na ce mata a'a. Na ce mu ba mu yi.

Har yau ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ko kuwa na sani. In na ce muna yi, za ta ce ina take, kuma ba ni da Turancin da zan ce na ba da ita an gasa kifi. Sauran yawon ban ji komai ba. An kai mu wani gidan tarihi, an ba mu waina mai tuffa a ciki, ina taunawa kamar auduga.

Da na dawo, bulo na jibge, magini na jira. Tambaya guda ta rage: layi nawa za a tayar kafin a zuba daɓe? Bappa ya ce uku, don ruwan bara bai wuce biyu ba. Na ce ruwan bara ba shi ne babba ba, akwai tsagar can sama. Ya ce to nawa ce? Na sha sa yatsa a cikinta, amma a kafaɗar Baba Tsoho nake lokacin, ban san tsawonta daga ƙasa ba.

Sai na tafi wurin Iya da safe, na durƙusa, na ba ta labarin bangon Turawa duka, har da ƙaryar da na yi. Na zaci za ta yi faɗa. Dariya ta yi har da tari.

"Sai da kat tai ƙasar Nasara kag gano dirkar ƙofar gidanku? Da ka hwaɗa mani, da na rage maka kuɗin jirgi."

Na ce ta taimake ni da babbar tsagar. Ta ce a kama ta ta tashi. Munka fito da ita a hankali har gaban shago. Ta ce shekarar da ta haifi babana ce. Nan ta tsaya, jikin dirka, da jaririn cikin ƙwarya bisa kanta, tana jiran jirgi ya zo ya ɗauke su. Ta sa gefen hannunta a ƙasan ƙirjinta.

"Nan yak kawo mani."

Na zaro tef na awo da sauri. Ta buge shi.

"Wa za ka aunawa? Waccan da tat tsaya nan doguwa ta, miƙaƙƙiya kamar gora. Wagga da kaka gani ta ranƙwahe. Kuma ƙasar da nit taka tana ƙarƙashin sumuntinka."

Na auna duk da haka. Bappa ya ce a ƙara taƙi ɗaya saboda ranƙwafawa. Iya ta ce biyu. Sunka tambaye ni zurfin cikon da na yi a cire, na ce ban sani ba. Munka tsaya mu uku a rana muna duban siminti. Ƙarshe na ce ma magini ya yi layi biyar, ba don lissafi ya ba da biyar ba, sai don ta fi uku.

An gama ɗakin. Matakala huɗu gare shi, Inna na hawa tana dafa gwiwa tana cewa na gina mata hasumiya. Yanzu da nake wanga rubutu malka ta kankama, gulbi ya yi fari, ya shanye fadamar ƙasa, kowace safiya yana ɗan matsowa. Wayata tana gaya mani za a yi ruwa jibi, tana ma iya gaya mani ko ana ruwa yanzu a garin tsohuwar nan mai lema. Abin da ba ta sani ba shi ne inda gulbi ya taɓa kaiwa a ƙofar gidanmu. Unguwar duk ta koma bulo da kwano, kowa na tayar da gini da ka, ba mai zuwa da kara, don ba inda za a jingina shi. Matasa kuwa in za su yi gini ni suke tambaya, wai na je Turai.

Jiya na ce ma Inna ko za ta koma gidan ƙanwarta a Geza har ruwa ya janye. Tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"In tai ina? Ba kai ka auna ba?"

Ta yarda da awona. Ta jera kwanoninta a ƙasa cikin sabon ɗakin, ta kwance buhunan nan duka.