Ranar da Aka Sa Ni Tsaron Ɗan Baffana

Jiya tayar babur ɗina ta sace, na tura shi wajen mai faci a bakin tasha. Yana buɗe gwangwanin sholisho warin ya bugi hancina, sai na ji kamar an ɗauke ni an dire a tsakar gidanmu na Daura. Da wannan warin muka tashi, ni da ɗan baffana, don ƙwallonmu ta kwando ɗaya ce tak, ta roba, kuma kusan kowane mako sai ƙaya ta huda ta mun kai ta faci.

Kada ka yi mamakin jin ƙwallon kwando a gidan mai fataucin shanu irin mahaifina. Baffa ne ya kawo ta, ƙanen mahaifina. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ya yi wasan a makarantar horon malamai, kuma waɗanda suka gan shi a lokacin suna cewa ba a yi mai hannu irin nasa ba a duk yankin. Amma ƙungiyarsu ba ta taɓa ɗaukar kofi ba, daga baya gwiwa ta hana shi, ya dawo gida yana koyarwa a firamare. Baffa ne ya sa mai walda ya lanƙwasa rodi, ya kafe shi a jikin allon katako, ya ɗaure a darbejiyar ƙofar gida. A ƙarƙashinta ya koya mana komai, ni da ɗansa. Damina ɗaya aka haife mu, tabarma ɗaya muke kwana.

Akwai wani direba, abokin Baffa, da ke bin hanyar Kongolam ta bakin iyaka zuwa Damagaram. Shi ke kawo masa kaset na wasannin ƙwararru na ƙasar waje, musamman na ƙarshen shekara, inda ake karawa da juna har a fitar da gwani. A gidan talabijin na can aka naɗo su, don haka da Faransanci mai sharhin yake ta zuba, ba wanda ke jin ko kalma. Mahaifina da Baffa su suka zama masu sharhinmu. Bayan la'asar, in an yi sa'ar wuta, sai a fito da talabijin rumfa, Inna kakarmu tana gefe tana ɓarar gyaɗa, gardama ta tashi.

Akwai wani ɗan wasa mai jar riga da Baffa ke so kamar ransa. Duk wasa shi ya fi kowa zura ƙwallo, amma duk shekara sai a fitar da su kafin a kai ƙarshe. Mahaifina, wanda bai taɓa riƙe ƙwallo ba, ya fi son wasu masu farar riga, waɗanda ba ka iya nuna gwaninsu, sai dai ka ga ƙwallo tana yawo hannu zuwa hannu har ta faɗa.

"Malam," in ji shi, don haka yake kiran ƙanensa, "ni a kara, kasuwar shanu, na girma. Ba a yabon sa a hanya, sai an ga yadda aka rabu da shi a kasuwa. Mutuminka me ya kai gida?"

"Yaya, mutum biyar ke cin kofi. Ka dubi waɗanda aka haɗa shi da su. Ka cire shi, ka ga ko za su ci wasa ɗaya."

"To ai shi ya hana su koyo. Wanda ba a ba shi ƙwallo yaushe zai iya?"

Haka suke yi har a kira magariba, su tashi suna dariya, su yi alwala da buta ɗaya, a kawo musu tuwo a kwano ɗaya kamar yadda suka saba tun suna yara. Mu a lokacin wasa muka ɗauki gardamar. Inna ce kaɗai ba ta dariya. Wata rana na ji ta ce wa mahaifina a hankali, "Kai dai ka riƙa sanin wanda kake magana a kansa." Ban gane ba sai daga baya. Duk lokacin da aka taɓa mai jar riga, Baffa kansa yake karewa.

Da muka gama firamare aka raba mu makaranta. Ni na samu babbar sakandaren cikin gari, mai filin siminti da malamin wasanni da dogayen yara. Shi aka tura shi wata ƙarama a bayan gari, inda sai da ya bi aji-aji yana roƙo kafin ya haɗa mutum biyar. Gaskiyar magana, ya fi ni nesa ba kusa ba. Ni abin da na iya shi ne in manne wa mutum in hana shi sakat. Shi kuwa in ya tashi sama, kamar iska ce ke jiran ya gama kafin ta sauke shi.

A shekararmu ta kusa da ƙarshe aka shirya gasar makarantun yankin, aka ce wadda ta ci za ta tafi Katsina, a can za a zaɓi 'yan wasan jiha. Da bazara ne, zafi ya kai inda siminti ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Mu muka kai wasan ƙarshe ba da wahala ba. Su ma suka kai, a kan wuyansa shi kaɗai.

Ana gobe wasan, malaminmu ya kira ni gefe. Ya ce, "An ce gida ɗaya kuke. Kai za ka tsare shi." Na gyaɗa kai. Na san in zai juya hagu sai ya fara sauke kafaɗar dama. Na san yana lasar leɓe kafin ya jefa daga nesa. A gindin darbejiya na koyi duk wannan, daga bakin mahaifinsa.

Ranar wasan mahaifina ya bar kasuwa ya zo, abin da bai taɓa yi ba. Suka zauna benci ɗaya da Baffa. Na tsare ɗan'uwana iyakar ƙarfina, har rigata ta jiƙe ta manne, amma duk da haka ya fi kowa ci a filin. Yaran da ke tare da shi kuwa, in ya miƙa musu sai ta subuce, ko ta bugi ƙirji ta fita waje. Tun yana ba su har ya daina. Da lokaci ya kusa cika muna gaba da ɗan abin da jifa ɗaya zai shafe. Ƙwallo na hannunsa. Wani abokin wasana ya bar nasa mutumin ya zo muka rufe shi mu biyu. A ƙarƙashin kwando kuwa ga wani siririn yaro na makarantarsu tsaye shi kaɗai, hannu a sama, yana ihu. Na ga idon ɗan'uwana ya kai kan yaron. Ya gan shi sarai. Sai ya tashi ta samanmu ya jefa da kansa. Ƙwallon ta zagaya bakin ƙarfen ta faɗo waje, alƙali ya busa usur.

Baffa ya bi jami'in da ya zo daga Katsina har bakin mota, yana roƙonsa ya ƙara yaro ɗaya a tafiyar. Mutumin ya ce shi ma ya ga abin da ya gani, amma umarnin da aka ba shi ƙungiyar da ta ci ce za ta tafi.

Washegari Juma'a ce. Bayan an sauko masallaci aka kawo musu abinci a rumfa, mu muna daga gefe da namu. Mahaifina yana cikin nishaɗi. Na tabbata har zuciyarsa tsohuwar gardamarsu yake ci gaba da ita.

"Malam, ka ga abin da nake gaya maka? Da ya ba yaron nan, da yanzu su ke shirin tafiya."

"Yaron da tun safe bai riƙe ko ɗaya ba?" in ji Baffa, bai ɗago kai ba.

"Ko ma dai yaya. Ɗa ya biyo ubansa: ga hannu, babu kofi."

Baffa ya tsaya da loma a hannu. Ya mayar da ita cikin kwanon, ya wanke hannu, ya ce alhamdulillahi, ya tashi. Ɗansa ya bi shi. Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya tana duban mahaifina.

Ba su yi faɗa ba, kada ka zaci haka. Kullum da safe Baffa yana zuwa ya gaishe da yayansa, in an yi haihuwa ko rasuwa tare ake ganinsu. Amma daga ranar aka fara raba musu kwano, kasetoci kuma suka zauna a kwali har zafi ya lalata su. Mahaifina ya sha aika masa da nama daga kasuwa, ya karɓa ya yi godiya. Haƙuri ne dai bai iya buɗe baki ya bayar ba, shi kuma Baffa bai nema ba.

Mun je Katsina, aka fitar da mu a wasan farko, ba a zaɓi ko ɗaya daga cikinmu ba. Da na dawo na tarar ɗan'uwana ya kwashe kayansa daga ɗakinmu. Bai ƙarasa makarantar ba. Ya fara bin wannan direban, daga baya ya zauna a Damagaram yana sayar da kayan gyaran babur, ya yi iyali a can.

Na daɗe ina juya abin a raina. Wata rana in ga mahaifina ne da gaskiya, yaron yana tsaye shi kaɗai, ko makaho zai ba shi. Wata rana in tuna yadda ƙwallo ke subuce wa yaron, in ce ko ni ne da na jefa. Abin da ya fi damuna, ni aka ɗaga sama ranar, ni aka sa a mota, alhali duk wanda ke filin ya san waye gwani.

Yanzu dattawan duk sun rasu. Yaran unguwa a waya suke kallon wasan, kuma gardamar ba ta mutu ba, sai dai ta koma ta lissafi: wane ya zura kaza, wane ya ɗauki kofi kaza. Suna yi da zafi, su watse ba wanda ya ji ciwo, don mutanen da suke magana a kansu ba su san da su ba.

Da sallar da ta wuce ɗan baffana ya zo gida. Muna zaune a zaure, ɗana, wanda ya ji labarin a bakin mutanen unguwa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baffa, wai tsakaninka da Baba wa ya fi iyawa?"

"Babanka ne ya ci," in ji shi.

Na ce, "Shi ya fi ni."

Yaron ya dube ni, ya dube shi, yana jiran ɗayanmu ya warware masa. Ɗan'uwana ya ɗan yi murmushi, ya shafa kansa, sannan ya juyo gare ni ya tambaya ko har yanzu ana samun motar Kongolam bayan la'asar.