Ledar Wuyan Dila

A shagon hoton yayanta Magogiya ake ce mata, kuma sunan ya bi ta har gida. Teburinta yana can ƙurya, bayan labulen nan mai zanen teku da kwalekwale inda ake tsayar da masu son hoton tarihi. Ƙafa ɗaya ta kujerarta ta gaza, an tokare ta da kwali. A nan take wuni gaban kwamfuta tana goge abin da mutane ba sa son gani: ƙurajen amarya, furfurar ango, gumin hammatar babban baƙo. Ta taɓa cire miji sukutum daga hoton iyali, ta cike gurbinsa da tukunyar fure. Matar ta duba, ta ce, "Wallahi ya fi kyau a haka."

A hannun mahaifinsu ta koyi aikin, tun ana wanke hoto a ɗaki mai jar fitila, ana gyara da ɗan siririn buroshi. Da ya rasu Yaya ya gaji shago da kamarori, ita ta gaji ƙuryar. Ba ta yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ta roƙa, a riƙa ara mata dogon gilashin kamara mai jawo nesa kusa, wanda 'yan shago ke kira tabarya. Yaya ya saye shi ne don ɗaukar wasan ƙwallo, harkar ba ta karɓe shi ba, tabarya ta zama kayan kabad. Ya yarda, da sharaɗin duk hoton da za ta kai gasa sunan shago ya fito a ƙarƙashinsa.

Ranar hutu da sassafe take fita zuwa fadamar da ke bayan juji, inda gari ya ƙare. Mijinta, direban motar kaya, shi ke sauke ta a bakin kwalta.

"Matan mutane su dawo gida da ƙamshin turare," in ji shi, "tawa ta dawo da ƙarangiya da warin bola."

"Buɗe mini ƙofa, Direba, rana na shirin fitowa."

"To, a gaida mutanen daji. A ce ina nan tafe."

Tana shimfiɗa buhu cikin ciyawa ta kwanta rub da ciki. Ta koyi shigowa ta inda iska ke bugun fuskarta, ta daina shafa mai mai ƙamshi, ta iya haɗiye tari har idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauki belbela, ta ɗauki damo yana shan hantsi, ta ɗauki gauraka biyu suna rawa. Kowace shekara tana aika hoto gasar hotunan namun daji, kowace shekara shiru.

Akwai wata dila da ta sani tun tana 'yar kwikwiya. Garin tonon juji ta zura kai cikin hannun wata shuɗiyar leda mai kauri, ta kasa fitarwa, ta girma a ciki. Hannun ledar ya zauna mata a wuya, yagaggen sauran yana reto a kafaɗa, don haka kullum kanta a ɗan karkace yake. Magogiya ta sa mata suna Mai Ɗankwali. Ta sha tunanin yadda za a cire mata, amma dila ba ta tsayawa a taimake ta.

A daminar bana ruwa ya cinye ramin Mai Ɗankwali. Magogiya na kwance, jikinta sharkaf, sai ga ta ta fito da ɗanta a baki, tana ratsa ruwa har ƙirji. Rana ta keto ta bayan ciyawa, ta haska jiƙaƙƙen gashinta da ɗigon ruwan da ke zuba daga jelar ɗan. Magogiya ta danna kamara. Ba ta sauke ta ba sai bayan dilar ta haye.

Yaya ya daɗe tsaye a bayan kujerarta yana kallon hoton. Har ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wannan kam ya ci gasa," ya ce. "Saura ki share ledar."

"Ba za a share ba, Yaya."

"Ke, ban ji ba."

"Ka ji. Dokar gasar ma ta hana."

"Doka! Wa zai gane aikinki? Ke da kika cire mutum har da inuwarsa?" Ya jawo kujera ya zauna. "Kin ga hotunan da ke ci kuwa? Tas suke, kamar ba a taɓa halittar ɗan Adam ba. Ke kuma ki kai musu shara, da sunan shagon babanmu a ƙasa? Su ce mu masu hoton bola ne?"

"A bolar take zaune. Ni na kai ta can?"

"Wuni kike kina goge ƙurajen mutane, yau leda ɗaya ta zama abin tsarki?"

"Su mutane da ƙafarsu suke zuwa su ce in goge. Ita ba ta aiko ni ba."

Yaron shago mai ɗaukar hoton fasfo ya yi dariya daga bayan labule, ya mayar da ita tari. Yaya ya miƙe, wuyansa ya kumbura kamar yadda na mahaifinsu ke yi.

"To ji nan, ƙanwata. In hoton nan ya tafi da ledar, ki dawo mini da tabaryata. Ba na ba da aron kaya a zubar mini da mutunci."

Ta san abin da hakan ke nufi. In ba tabarya, sai ƙaramin gilashin da ake ɗaukar fasfo da shi, wanda daga maɓoyarta zai nuna dila kamar ƙwayar gero a faranti.

Da shago ya yi shiru bayan azahar, ta buɗe hoton. Hannunta ya san aikin, ba sai ta ce masa komai ba. Ta ɗebo gashi daga kafaɗa ta rufe wuya, ta daidaita haske, ta bi inuwar ledar da ke cikin ruwa ta share. Aikin ya fita tsaf, ita kanta ta kasa gano inda ta taɓa. Ta jingina tana kallo. Dila ce kyakkyawa, irin ta jikin kalanda, amma kanta a karkace ba dalili, kamar mai yanga. Wuyan da ya sha shekaru yana jan leda, sannan kuma ya ɗauko ɗa ya ratsa ruwa da shi, ya zama wuyan kowace dila. Magogiya ta ji kamar ta haɗu da baƙuwa a hanya.

Ta rufe ba ta adana ba. Ta aika wa masu gasar na asalin da sunanta kaɗai. Sannan ta goge tabarya da tsumma mai laushi, ta sa ta a jakar da ake ajiye ta, ta ajiye a teburin Yaya gaban idon kowa.

"Ga kayanka, Yaya. Na gode da aro."

"Taurin kai zai kashe ki."

"Gado ne. Kai ma an raba da kai."

Hoton bai ci ba. Wata farar belbela ce ta ci, tsaye cikin ruwa garau kamar madubi. Yaya ya miƙo mata wayarsa ta gani, ya ce, "Kin gani ko?" Ta ce ta gani, kuma belbelar ta yi kyau. Washegari ta wanke hoton Mai Ɗankwali babba, ta kafa shi a bangon ƙuryarta, daidai inda duk amaryar da ta zo a goge mata ƙuraje sai ta ɗaga kai ta gan ta. Yaya yakan wuce ya kau da ido, amma bai ce a sauke ba. Tabarya kuwa ta koma kabad.

Ranar hutu ta zagayo. Direba ya dubi ƙaramar kamarar da ke cinyarta.

"Da wannan za ki? Ai sai dai ki ce mata ta zauna, ta ɗaga haɓa, ta kalli nan."

"Da can daga nesa nake kwanciya. Yanzu sai in matsa."

Ta wuce tsohuwar maɓoyarta, ta ja buhu da gwiwa da gwiwar hannu cikin taɓo, har ta fara jin warin sabon ramin. Sauro ya yi ta cizonta ba ta motsa ba. Can sai ciyawa ta buɗe, shuɗin leda ya fara leƙowa, sannan kunnuwa. Mai Ɗankwali ta tsaya da karkataccen kanta tana dubanta, ɗan yana leƙe ta tsakanin ƙafafunta. Magogiya ta riƙe numfashi, ta ƙara matsawa kaɗan.