Bijimin da Bai Kai Kasuwa Ba

Shekarar da na yi niyyar rufa wa ɗakin Inna kwano, na sayi wani ƙanjamammen bijimi a kasuwar Sara, haƙarƙarinsa duk a waje. Ɗakin nata na ƙasa ne, damina biyu ke nan yana yoyo. Lissafina mai sauƙi ne: in turke shi wata shida, in sayar kafin ruwan fari, ribar ta sayi kwano.

Na ɗaure shi a bayan rumbu. Harawa, dusa, kowar wake, 'yar kanwa a ruwa, babu abin da ya nema ya rasa. Baffana, wanda ya tsufa a cikin shanu, ya leƙo wata rana ya ce in riƙa kwance shi yana ɗan zagayawa, ko da sau biyu a mako. Na ce to, Baffa, amma ban yi ba. A ganina kowane taku kitse ne ke zubewa, ni kuwa da kuɗina na tara kitsen nan.

Bijimi ya cika ya batse, tozo har ya kwanta gefe guda. Duk wanda ya gani sai ya ce tubarkalla.

Ran kasuwa mai motar ɗaukar shanu ya faɗi kuɗinsa, na ga tsada. Na ce tunda ƙafa huɗu gare shi, ai sai ya kai kansa. Muka fita da sassafe. Ba mu yi rabin hanya ba ya fara haki, yana dafa ƙasa kamar mai taka ƙaya. Ashe wata shida kofatonsa bai san tsakuwa ba. Da hantsi ya durƙusa a bakin titi. Na ja, na tura, na murɗa wutsiya, na zuba masa ruwa, ko gezau.

Wasu mahauta biyu suka tsaya a kan babur. Suka taya bijimin da araha, na ƙi, suka koma inuwa suka zauna abinsu. Sun san wanda rana ke duka. Da azahar ya fara miƙe wuya, na sallama don kada ya zama mushe. Abin da suka ba ni ya mayar da uwar kuɗi da na dusa, saura bai kai kuɗin kwano falle biyar ba.

Da kunya na shiga gida. Inna ba ta tambayi nawa aka saya ba. Ta dube ni, ta dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa.

"To, zo ka taya ni jan gadon nan zuwa wancan lungun," in ji ta. "Can ya fi dama-dama."